Ba Haddu da Makarar Masu Rai

A ƙofar shagona aka ƙulla cinikin, ni ne kuma shaida. Alhaji Tuhami kafinta yana zaune a kujerata ta baƙi, Ba Haddu ɗan dako, wato Baba Haddu a bakin mutanen garinmu, yana tsaye da igiyarsa a kafaɗa.

"Zauna mana, Haddu," in ji Alhaji. "Tsayuwar nan taka sai ka ce haraji ka zo karɓa."

"In na zauna gwiwa ba ta barin in tashi, Alhaji. Faɗi abin da ke tafe da kai."

"'Yata Kanza ce. Jiya aka dawo da ita gida. Likita ta ɗinke bakin mahaifa, ta ce kwanciya, ba tashi, har Allah Ya sauke ta lafiya. Ta kuma ce in aka ga jini ko ruwa a kai ta nan take, kuma a kwance, kada a zaunar da ita. So nake ka bar duk wani dako ka tsare mini ƙofar gida. In abin ya zo, kai za ka fitar da ita zuwa Rasif inda mota ke tsayawa."

"Cikin wata nawa ne?"

"Biyar."

"Ashe zaman ba na yau da gobe ba ne."

"Cinka da na iyalinka yana wuyana. Bayan haka, ga Si Allal nan shaida: duk ammariyyar da ta fita daga shagona, kai ne shugaban masu ɗaukarta har ka gaji da duniya."

Saura kaɗan kofin shayi ya suɓuce mini. Ammariyya ita ce kujerar nan mai rumfa da ake zaunar da amarya a ciki, maza huɗu su ɗaga ta a kafaɗa ana guɗa, kuma rabin amaren tsohon garin Fas a kan ta Alhaji ake ɗaga su. Ɗan dakon da ya samu sandar gaba ya rabu da buhun siminti. Farar jallabiya zai sa, ya ci nama, a cusa masa alheri a aljihu.

Haddu bai ko yi murmushi ba. Ya ce, "Sharaɗi ɗaya. Yadda zan ɗauke ta, da abin da zan ɗauke ta a kai, ni zan zaɓa. Ba kai ba, ba matarka Lalla Zuhur ba."

"Kai dai ka kai mini ita da abin da ke cikinta. Ko a gadon bayanka ne."

Muka ɗaga hannu muka yi Fatiha. Na yi dillanci a kasuwar fatu, na yi a tashar jiragen ruwa ta Marsiliya, na ga ciniki iri-iri, kuma a ranar na ce a raina ɗan dako ya kwashi garaɓasa. Abin da ya biyo baya, har yau in na tuna sai na riƙe baki.

Dalilin da ya sa nake wannan rubutu shi ne Ba Haddu zai bar mu. Bayansa ya gama aiki, 'ya'yansa sun zo za su mai da shi ƙauyensu a kan duwatsu. Ba wanda zai yi masa taro, ba wanda zai rataya masa lambar yabo. To ni dai zan faɗi abin da na gani da abin da aka gani.

Kafin a buɗe shaguna yana Rasif, ya sha kwanon miyar wake da man zaitun a tsaye, ya ɗaure igiya a ƙugu. Garinmu mota ba ta shiga, don haka duk abin da ka gani a cikin gida, firiji ne, buhun gari ne, tukunyar gas ce, gadon aure ne, a bayan wani ya shigo. A unguwarmu wannan wanin Haddu ne. Yana saurayi ya sauko daga dutse, Larabcinsa a karkace, yara suna kwaikwayonsa. Sauran 'yan dako suna tafe suna ihun "Balak! Balak!" wato a ba da hanya, kamar gobara ta tashi. Shi sau ɗaya yake faɗa, a hankali, a kuma matsa masa. Bushta mai gidan burodi ya shaida mini cewa akwai wani tsohon malami da ƙafa ta mutu masa, duk Juma'a Haddu ke goya shi zuwa gidan wanka ya dawo da shi, har tsohon ya rasu, kuma bai taɓa karɓar ko burodi ba. Kanza kanta, tana ƙarama, in ruwan sama ya cika lungu a wuyansa take zuwa makaranta. Ranar bikinta ma yana cikin huɗun da suka ɗaga ta.

Kanza ita kaɗai ce 'yar Alhaji. Sau biyu tana ɓari, duk a daidai wannan lokaci. Na biyun namiji ne, halittarsa ta cika, har farce. Mijinta Nabil yana aiki a tashar jiragen Tanja, ba ya samun zuwa sai jefi-jefi, shi ya sa aka dawo da ita gaban uwarta. Kowa a lungun ya san wannan cikin shi ne na ukun, ya kuma san abin da likita ta ce: duk makon da yaron ya ƙara a ciki, mako ne da aka ƙwato.

Abin da ya wakana a cikin ɗaki daga bakin matata Rahma na ji, don kullum tana can. An kwantar da Kanza a ɗakin ƙasa, aka ɗaga ƙafafun gadon da bulo. Farkon kwanakin gidan cike yake da 'yan dubiya. Daga baya ƙafa ta ɗauke, aka bar ta da rufin ɗaki. Baya ya yi tsami, ƙafafu suka rame. Mace da ta saba sarrafa gidanta, ga shi uwarta ce ke kawo mata tasa ta kwashe, ita ce ke wanke mata kai a kwano. In ta yi atishawa sai ta dafe ciki ta yi shiru tana saurare. In yaron ya daɗe bai motsa ba, kuka. In ya motsa da ƙarfi, kuka.

'Yan dubiyar da suka rage kuwa, gara ma waɗanda suka ɗauke ƙafa. Kowace da labarin wata da ta kwanta haka ta kuma rasa. Haddu yana zaune a kan akwatin lemo a ƙofa, yana jin abin da ke fitowa ta ƙaramar tagar ɗakin. Ran nan sai ga wata maƙwabciya da ta yi suna wajen irin wannan.

"Barka da zuwa, Lalla. Me aka kawo wa mai jiki?"

"Addu'a na kawo, me zan kawo?"

"Madalla. Labarin 'yar ƙanwarki da ta mutu wajen haihuwa fa? In yana tare da ke, ajiye shi nan wurina, kya karɓa in kin fito. Ba na cajin ajiya."

"Ji ɗan dutse mara kunya! Yaushe ka zama mai gidan nan?"

"Ƙofa kawai aka ba ni, Lalla. Ita nake tsarewa."

Ta shiga tana ƙunƙuni, amma Rahma ta ce ranar zancen farashin tumatir kawai ta yi.

Shi ne ya je wurin telan jallabiya ya karɓo zaren siliki, aka koya wa Kanza ƙulla maɓallan nan na gaban riga, aikin da ake iya yi a rigingine. In ta tara sai ya mayar ya karɓo wani zaren. Yana zaune ƙarƙashin tagar yana ba ta labarin lungu: wa ya wuce, alfadarin wa ya ƙi tafiya, wa matarsa ta kulle masa ƙofa. Har ta kai tana gane mutane da takunsu, su yi ta musu.

Wata rana Lalla Zuhur ta tafi gidan wanka. Haddu ya ji sautin silifa a tsakar gida. Bai shiga ba, daga zaure ya ɗaga murya.

"Takun wa nake ji?"

"Kyanwa ce, Ba Haddu."

"Kyanwar gidan nan silifa take sawa?"

Sai Kanza ta fashe da kuka. "Soro zan hau. Sama kawai nake so in gani. Wallahi na manta kalarta. Na gaji, Ba Haddu, na gaji da zama tukunya da aka ajiye kada ta fashe."

"Na sani, 'yata. Koma ki kwanta a hankali. Sama tana nan, ba inda za ta. Ni zan kawo miki ita."

Kafin la'asar ya ciwo kan wanzami ya ara masa babban madubinsa. Ya ɗaure shi da igiya a ginshiƙin tsakar gida, ya yi ta karkata shi Rahma tana ce masa sama kaɗan, hagu kaɗan, har sararin sama ya faɗo daidai idon Kanza, da gajimare da tsuntsaye masu wucewa. Wanzami ya yi ta aski ba madubi, abokan cinikinsa suna fita da yardar Allah.

Duk wannan na kyautatawa ne. Ainihin aikin da aka ɗauke shi dominsa shi ne ya hana shi sukuni. Tsakanin gidan Alhaji da Rasif gangare ne, matakala bayan matakala, da kwanoni matsattsu. Na ga ya cika daro da ruwa ya ɗora a amalanke ya tura. Kafin ya wuce marina daron ya zama fanko. Ya gwada ƙyauren ƙofa da mutum huɗu, ya ƙi juyawa a kwanar masu rini. Ammariyya kuwa zama ake yi a cikinta, likita ta hana. Kwana da kwanaki yana yawo da daron nan, mutane suna cewa ɗan dutse ya fara taɓuwa.

Sai aka yi rasuwa a unguwa. Da aka zo wucewa da gawa muka miƙe kamar yadda aka saba, kowa ya ɗaga yatsa yana kalmar shahada. Na dubi Haddu. Bakinsa yana salati, amma idonsa yana kan sandunan makara, yana kallon yadda ta sha kwana ba ta ko goga bango ba.

Washegari da hantsi sai ga shi ɗauke da makarar masallaci a ka, ya jingine ta a zauren Alhaji.

Ihun Lalla Zuhur har shagona. Na bar takalmi ɗaya na ruga. Na tarar da ita zaune daɓas a ƙasa tana dukan cinya. "Makara! A gidan mai ciki! Me muka yi maka, Haddu? Wa ya aiko ka? Fitar mini da ita, fitar da ita kafin 'yata ta gani!"

Alhaji ya iso daga shago da garin katako a gemu, ya shaƙe wuyan rigar Haddu. Ban taɓa ganin sa haka ba. "Ni za ka yi wa wannan? Ina ciyar da kai, ka kawo mini fatan mutuwa har zaure?"

Haddu bai ɗaga hannu ba. "Sake ni in yi magana, Alhaji. Jiya da yamma na ɗora daro a kanta muka gangara har Rasif. Ruwan da ya zube bai cika kofi ba. A garin nan kaf babu abin da aka ƙera don ɗaukar mutum a kwance sai ita. Waɗanda suka gina lungunan nan da ita suka auna su. Sannan ka gaya mini, tunda kake, ka taɓa ganin wanda ya tare wa makara hanya?"

Alhaji ya juyo gare ni. Shaida dai shaida ce. Na ce, "Alhaji, ka ce ko a gadon bayansa ne. Mun yi Fatiha."

Sai muryar Kanza ta fito daga ɗaki. Ashe duk tana ji.

"Baba, sake shi. Sau biyu ina tafiya asibiti da ƙafata, sau biyu ina dawowa hannu wofi. In wannan abin zai kai ɗana da rai, zan hau." Sannan ta ƙara, "Ba Haddu, a sa mini katifa dai. Masu hawanta ba sa ƙorafi, ni kuwa zan yi."

Ba wanda ya yi dariya sai Haddu.

Liman ya ce ba za a riƙe makarar masallaci ba, don mutuwa ba ta sallama. Saboda haka sai an ƙera wata. Wa zai ƙera? Alhaji Tuhami ya sallami ma'aikatansa, ya rufe shago, ya zaɓi katako mai ƙamshin nan da yake ajiye wa kujerun amare. Da hannunsa ya sassaƙa wa 'yarsa makara tana raye. Na leƙa ta kafar ƙofa na ga yana goge katako, hawaye yana ɗiga a kai. Ban shiga ba. Da aka gama, Lalla Zuhur ta rantse ba za ta kwana gida ɗaya da ita ba, aka kawo ta bayan shagona aka rufe da darduma. Haddu ya zaɓi Bushta da wasu marina biyu majiya ƙarfi, kullum bayan azahar su ɗora buhun gari su gangara su hauro, yana koya musu yadda za su haɗa taku. Ni aikina in buga waya a kira mota.

Abin ya zo cikin wata na bakwai, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, rana tsaka. Wanda ya san Fas a wannan mako ya san ko kyanwa ba ta samun wurin wucewa: raguna, masu gawayi, masu wasa wuƙa, kowa da kowa a lungu. Rahma ta fito a guje ba mayafi. "Jini! Haddu, jini!"

Kafin in ajiye kan waya sun fito da Kanza a kan makarar. Katifa a ƙasa, matashi a ƙarƙashin ƙugu, an lulluɓe ta da jan mayafin bikinta don a san ba gawa ba ce. Amma wa ke duban launin mayafi? Mutane sanduna huɗu suka gani a kafaɗa. Wallahi kamar an tsaga lungun da wuƙa. Masu shago suka miƙe, yatsu suka tashi sama, "La'ilaha illallah" ta bi gangaren tun kafin mu isa. Aka ja raguna cikin shaguna, masu alfadarai suka manna dabbobinsu da bango. Ina biye a baya da uban yarinyar, yana jin ana yi wa 'yarsa salatin gawa, yana tafe yana cewa, "Tana da rai, jama'a, tana da rai," ba mai jin sa.

Sai kuma al'ada ta so ta ɓata komai. Maza suka fara kutsowa, kowa yana so ya karɓi sanda ya taka kaɗan don lada. Canjin kafaɗa ɗaya ya isa ya girgiza ta. Ranar na ji muryar da ban san Haddu yana da ita ba.

"Kada wanda ya taɓa! Mai rai ce! Balak!"

Wani mai sayar da zaitun ya matso da hularsa a hannu. "Allah Ya ji ƙai. Wa ya rasu?"

Jan mayafi ya motsa. Kanza ta fito da kai, fuska ba jini, ta ce, "Ba wanda ya rasu, kawu. Matsa!"

Mutumin ya ja da baya ya zauna cikin daron zaitun ɗinsa. Wata mata ta saki ƙara ta faɗi. Yara suka watse suna ihun gawa ta yi magana.

A babban gangaren da ke sauka Rasif, dole na gaba su ɗaga sandunansu sama da kai don makarar ta tsaya daidai, kada nauyin ciki ya gangaro ƙasa. Haddu ne a gaba, kuma ya fi abokin sandarsa tsufa nesa ba kusa ba. Bushta da ke baya ya rantse mini cewa a tsakiyar matakalar ya ji wani abu ya yi ƙara a bayan Haddu, kamar an karya busasshen reshe. Ya ga ƙafarsa ta yi rawa. Bai sauke ba. Bai ko rage taku ba. Sai da aka zura ta a mota, ƙofa ta rufe, sannan ya zauna a ƙasa ya kasa tashi. A kan makarar nan muka mai da shi gida.

An yi wa Kanza aiki. Jaririyar mace ce, bakwaini, ba ta fi burodin Bushta ba. Ta daɗe a kwalba, uwarta tana tatsar nono ana kai mata. Likita ta ce wa Alhaji an kawo ta da wuri kuma an kawo ta yadda ya kamata. Aka sa wa yarinya Yusra.

Yanzu saura ladan ciniki. Da bayan Haddu ya yi dama, Alhaji ya cika alkawari. Bikin farko da ya samu, ya ɗinka masa farar jallabiya ya tura shi. Uwar amarya tana ganin sa a ƙofa ta dafe ƙirji.

"Wannan ba mai makara ba ne? Shi za ku sa a ƙarƙashin 'yata ranar farin cikinta? Kafaɗar da ta ɗauki mai rai a gadon gawa? Ku ba shi abinci ya tafi."

Ya dawo da farar rigarsa da kwanon kuskus a hannu. Biki na biyu haka. Na uku ko ƙofa bai kai ba. Daga nan masu biki suka fara gaya wa Alhaji a fili: ko ka canja mutum ko mu canja kafinta. Alhaji ya zo shagona yana murza hula, ya rasa ta inda zai fara. Haddu ne ya sauƙaƙa masa.

"Na sauke maka alkawarin, Alhaji. Kada kasuwarka ta mutu a kaina."

Na zaci Alhaji zai ja, ko don kunya. Ya ce, "Allah Ya yi maka albarka," ya miƙe. Saurin da ya yi ya fi komai ba ni mamaki. Haddu ya koma buhu da tukunyar gas, da bayan da ya riga ya tsage.

Na tambaye shi, "Ka san haka za ta faru?"

"Tun ranar da na ɗauko ta daga masallaci."

"To don me?"

"Cewa aka yi in fitar da ita. Ba kai ne shaida ba?"

Ga abin da ya fi wannan. Shekara ba ta zagayo ba, amaryar nan ta farko, wadda uwarta ta kore shi da kwanon kuskus, ta samu ciki mai wahala, aka ce ta kwanta. Wa kuke tsammani ya zo shagona da mayafi har hanci yana tambaya ko abin nan yana nan? Ita. Uwar da kanta. Ko sunan makarar ta kasa faɗa. Na ce wa Haddu, "Bar ta ta ɗanɗana." Ya dube ni kamar na zagi uwarsa, ya ɗauki igiyarsa ya tafi ya zauna mata a ƙofa. Daga ita sai wata, sai wata. A unguwarmu akwai samari da 'yan mata da yawa da suka fara tafiyarsu ta duniya a kan katakon nan, wasunsu ba su ma sani ba, don iyayensu ba sa son a faɗa. A ranar tsoro a neme shi, a ranar guɗa a kauce masa.

Kai ne wannan, Ba Haddu. Kai ne ka zauna a kan akwatin lemo wata da watanni kana tsare cikin da ba naka ba. Kai ne ka kawo wa mai kwance sama a madubin wanzami. Kai ne aka kira mai makara don a muzanta ka, ka amsa sunan ka ci gaba da zuwa. Kafaɗar unguwa, ɗan dutse mai taku ɗaya. Mun ci amfaninka mun ɓoye ka a bayan shago tare da katakonka.

Watan jiya aka yi bikin Yusra. Kanza ta aika masa da farar jallabiya. Ya sa, ya dogara sanda har ƙofar gidan bikin, sai ya ji wata daga dangin ango tana cewa, "Subhanallahi, wa ya gayyato mai makara?" Ya juya, ya zo ya zauna a shagona. Ina zuba masa shayi sai ga Bushta yana haki.

"Tashi, tsoho! Amarya ta shiga ammariyya ta ƙi a ɗaga ta. Makaɗa sun gaji, nama yana hucewa. Ta ce wanda ya fara ɗaukar ta shi zai ɗauke ta yau, in ba haka ba a nan za ta kwana."

Muka kai shi. Ya sunkuya ya sa kafaɗa a ƙarƙashin sandar gaba, sandar da aka yi masa alkawari tun yarinyar tana ciki. Ya yunƙura. Bayan ya ƙi. Ya sake yunƙurawa, ya ƙi. Yusra ta miƙo hannu ta dafa kansa ta ce, "Ba Haddu, ka riga ka ɗauka. Riƙe kawai." Samari suka ɗaga, shi yana gaba da tafin hannunsa a kan sanda, suka zagaya tsakar gida. Kanza ce ta fara guɗa. Alhaji Tuhami yana can gefe a kujerarsa, ya rufe fuska da hula.

Mun gode, Ba Haddu. Allah Ya huta da bayanka, Ya kai ka dutsenku lafiya. Ku kuma samarin unguwa, makarar tana nan a bayan shagona, katakonta bai ko tsage ba, kuma a lungun masu rini akwai wata yarinya da aka kwantar tun watan jiya. Kafaɗa huɗu ake nema. Wanda zai zo ya zo da saninsa cewa wataƙila ba za a ƙara gayyatarsa biki ba.

Ni dillali ne, ba na barin ciniki ban faɗi yadda ya ƙare ba. Kanza ta samu 'ya. Alhaji ya samu jika, kasuwarsa kuma ba ta girgiza ba. Unguwa ta samu 'ya'yan da da ba za ta gani ba. Ba Haddu ya rasa bukukuwan da aka yi masa alkawari, ya rasa bayansa, sunan da ya rage masa kuma na tsoro ne. Jiya na lissafa masa haka, na ce a duk cinikin da na shaida ban ga wanda aka kwara kamarsa ba. Ya kurɓi shayi ya ce, "Si Allal, ka ga tsawon da yarinyar nan ta yi kuwa?"